Ruwa ya ci ajinmu da takardunmu, ga masu duba makarantu na tafe, dan Allah ya zan yi?

Malama_Mai_Nazare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen wanda ya san harkar rajistar makarantu masu zaman kansu, ko wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa.

Ina da 'yar makarantar nazare a wani ƙauye a ƙasar Auyo, ba wata babba ba ce, aji uku ne da ɗan ofis, yara daga shekara uku zuwa biyar. A zauren gidanmu muka fara da yara tara a kan tabarma, yau shekara shida kenan, kafin ruwan nan muna da yara 64 da malamai mata uku har da ni. Wlh na sha wuya kafin na samu takardar amincewa ta wucin gadi, zirga-zirgar mota kaɗai ta isa ta sa mutum ya haƙura, sai bana aka ce mana za a zo a zangon farko a sake dubawa, in mun cika sharuɗɗa a ba mu cikakkiya. Na yi fenti, na sa an haƙa sabon masai, na sayi ƙananan kujeru na roba guda talatin da kuɗin adashena.

To sai ga ruwa. Cikin dare jinga ta ɓalle ta gabas da gari, kafin asuba ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, kowa ta kansa yake da ta 'ya'yansa, wa zai tuna da wata makaranta. Sai bayan kwana tara na iya shiga. Aji biyu na ƙasa ne, sun zauna gaba ɗaya, kwanon yana kwance a kansu kamar an kifa faifai. Na ukun da ofis na bulo ne, suna tsaye, amma bangon ya tsage daga taga har ƙasa, ga shatin ruwa nan ya wuce ƙasan allo da kamar kamu ɗaya. Masai ya rufta. Rijiya ta cika da ƙazanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwatin ƙarfen da nake ajiye takardu. A ƙasan tebur yake, tun 2022 nake cewa zan sa a yi min kanta a sama ban yi ba. Da na buɗe, rajistar yara ta dunƙule kamar curin daddawa, in ka ja shafi ɗaya sai goma su biyo shi su yage, biron ya narke ya zama shuɗin ruwa kawai. Takardar amincewar tana ciki, da rasit ɗin duk kuɗin da na biya, da kwafin takardun malamaina, da takardun haihuwar yara da iyaye suka kawo, wasu ma na asali suka ba ni ban mayar ba, Allah ya yafe min.

Na je ofishin da muka yi rajista na yi bayani da baki, wanda na tarar ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma shi abin da ya sani in an zo dubawa dole a ga gini a ga takardu. Na ce to ruwa ya cinye, ya ce in je in dawo oga ba ya nan.

Tambayata uku ce. Na ɗaya, in buɗe makarantar a rumfa ko in jira sai na gyara? Iyaye sun dame ni, matan suna son su je su tsinci abin da ya saura a gona ba inda za su bar yara. Na biyu, in na buɗe a rumfa aka zo aka ganni za a ƙwace amincewar? Na uku, takardun da suka lalace ya ake yi a samu wasu? Mai gida ya ce in rufe kawai in huta, amma wlh zuciyata ta kasa.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Malama, mu ma nan wajen Ringim mun ɗanɗana.

Ni dai gsky shawarata ki kafa rumfarki ki ci gaba da karatunki ki yi shiru. Wa zai zo ƙauyen da mota ba ta shiga sai kwale-kwale? Kafin hanya ta bushe su tuna da ke an yi girbin da za a yi, kin ɗan tara kin gyara. In kuma sun zo, to kin san yadda ƙasar take, a ba su ruwa mai sanyi da na mai a tanki, shikenan kowa ya kama gabansa. Makarantun gwamnati nawa ne yara ke zaune a gindin bishiya, wa ya rufe su? Sai ke mai yara sittin za a zo a ce ina tagarki ina ƙofarki. Kar ki kai kanki, wanda ya kai kansa ofis shi ake tatsa.

Tsohon_Sufeto:

Malama sannu, Allah ya sa kaffara ne. Baban Khalifa ka yi haƙuri, ba zan bari wannan shawarar ta wuce ba. Na yi hedimasta, na yi aikin duba makarantu shekaru masu yawa kafin na ajiye, kuma na ga inda irin shirun nan yake kai mutum.

'Yata, kuskurenki ɗaya ne zuwa yanzu, kin je kin yi bayani da baki. A aikin gwamnati abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Wanda kika tarar ɗin nan ko sunanki ba zai tuna ba jibi. Gobe ki zauna ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban sashen da ya ba ki amincewar, ki sa sunan makaranta, da lambar takardar in kin tuna, da ranar da ruwa ya shigo, da abin da ya rushe ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki roƙi abu uku a fili: a ɗage ranar zuwan masu dubawa, a yarda ki koyar a wuri na wucin gadi na zango ɗaya ko biyu, a ba ki kwafin takardarki daga fayil ɗinsu. Ki buga hotunan ginin ki liƙa. Ki yi kwafi uku, ɗaya gare su, ɗaya ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ɗaya taki, kuma kar ki bar ofishin sai an buga miki sitamfi da kwanan wata a kan taki cewa an karɓa. In oga ba ya nan ba komai, mai karɓar wasiƙu yana nan, aikinsa kenan. Wannan sitamfin shi ne garkuwarki. Ranar da wani ya zo ya ganki a rumfa, kika miƙa masa takarda mai nuna cewa kin sanar tun wata biyu baya, bakinsa ya mutu. In kuma shiru kika yi ya zo ya tarar, to rahotonsa zai ce kin sauya wuri ba izini, kuma da gaskiyarsa.

Ki haɗa da takardar shaida daga mai unguwa ko dagaci cewa ambaliya ta ci wurin. In kin samu hakimi ya sa hannu ya fi. Sannan ki tabbata sunan makarantar ya shiga jerin da ƙaramar hukuma take tattarawa tana turawa SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ba dan za su gina miki aji ba, kar ki sa rai da wannan, tallafinsu yawanci abinci ne da tabarmi da gidan sauro, wani lokacin kwano da siminti, kuma gidaje ake fara dubawa. Amfaninsa shi ne akwai wata takardar gwamnati da ta ce lallai ruwa ya ci wurinki.

Yanzu maganar me mai dubawa yake nema. Mutane suna ɗauka fenti muke kallo. Fom ɗin yana da tsawo gaskiya ne, amma a nazare abin da yake sa a rufe wuri nan take kaɗan ne: ginin da zai iya faɗowa kan yara, rashin ruwan sha mai tsafta, rashin bandaki, wurin da ba shinge yaro zai iya sulalewa ya fita, da cunkoso. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 25 a nazare, ke da malamai uku da yara 64 kina ciki. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa NCE ce, da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, in akwai wadda ba ta da ita a cikinku ki rubuta gaskiya, ki ce tana karatu in tana yi. Sauran abubuwa, su lilo da kayan wasa da zanen bango da akwatin magani, ana rubuta su ne a matsayin gyaran da za a yi, a ba da lokaci. Waɗannan ba ruwa ya hana ki ba ma, ki tara murafen kwalba da gwangwanaye da tsakuwa da karan dawa, yaran ƙauye da su suke koyon ƙirga, kuma mai dubawan da ya san aikinsa zai fi jin daɗin ganinsu a hannun yara fiye da 'yar tsana a cikin leda a saman kabad.

Ajin nan na bulo da kika ce ya tsage, dan girman Allah kar ki sa yaro ko ɗaya a ciki. Na san shi ne zai ja ki, tunda yana tsaye yana da rufi. Ginin da ruwa ya kwana tara a gindinsa ba lallai a ranar zai faɗi ba, yana iya jira sai ƙasa ta fara bushewa tana sakin jiki. Rumfar kara mai kyau ta fi shi sau dubu. In rumfa ta faɗi an yi kuka an tashi.

Takardu kuwa ba su da wahalar da kike tsoro. Ki je kotu ki yi takardar rantsuwa cewa ambaliya ta lalata kaza da kaza, ki je ofishin 'yan sanda su ba ki rahoton ɓatan takardu, da waɗannan biyun ake neman sabon kwafi kusan ko'ina. Kuɗin da kika biya ta banki yana nan a tarihin asusunki, ki nemi a buga miki. Malamanki na asalin takardunsu yana hannunsu, su sake kwafi. Na haihuwar yara hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke bayarwa, tana da ma'aikaci a ƙaramar hukuma, sau da yawa a asibiti yake zama, ki tara sunayen ki kai gaba ɗaya ba ɗaya-ɗaya ba. Rajistar yara kuma ki sayi sabuwa ki zauna da iyaye ki sake rubutawa, amma tsohuwar kar ki yar, ki shanya ta a inuwa ki ajiye yadda take a dunƙulen, ki nuna wa duk wanda ya zo. Kuma kar ki zauna ki ƙirƙiri kiran sunan zangon da ya wuce da biro ɗaya a dare ɗaya, wlh muna ganewa, kuma daga nan ba za a ƙara yarda da komai naki ba.

Abu na ƙarshe, tunda wasu za su ce miki ki je SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a gina miki. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, da dokar 2004 ta ware, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, na makarantun gwamnati ne, har da ɗan kason da ake cirewa ajin yara ƙanana. Mai zaman kanta ba ta ciki. Amma kina iya zuwa wajen hedimastan firamaren garinku da kwamitin SBMC mai kula da makarantar ki roƙi aron aji ɗaya, in 'yan gudun ruwa sun tashi daga ciki, a rubuta a sanar da sakataren ilimi. Na ga an yi haka ya yi kyau.

Baban_Khalifa:

Baba na ji, na kuma janye ta na mai a tanki. Amma fa wasiƙar nan sai ta yi wata uku a kan tebur ba wanda ya buɗe, ni wannan na sani.

Tsohon_Sufeto:

Ta shekara ma. Ba amsarsu take nema ba ɗana, sitamfin take nema.

Anti_Nas:

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba da ikon jurewa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Kafin Hausa, ba ruwana da rajista, amma na ga kin ambaci rijiya da masai sai hankalina ya tashi, saboda abin da muke gani duk bayan ambaliya kenan, ruwa ya janye mutane su ce alhamdulillah an wuce, sai bayan sati biyu a fara kawo mana yara a kafaɗa da amai da gudawa.

Masanki ya rufta, rijiyarki ta cika, to ki ɗauka abin da ke cikin masan nan yana cikin rijiyar. Ko ta yi garau kamar hawaye kar yaro ya sha. Sai an kwashe ruwan an yashe ta an zuba sinadarin kulorin an bar ta ta kwana an sake kwashewa, duba-gari na ƙaramar hukuma sun san yadda ake yi, ki neme su. Ko burtsatse ne in ruwa ya haura kansa haka ake masa. Kafin nan ki samu bokiti mai murfi da famfo a jiki, ki riƙa sa maganin tsaftace ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki, a jira rabin awa kafin a sha, ko a tafasa. Kuma a bar randa da moɗa ɗaya da kowane yaro zai tsoma hannu, ki ce kowa ya zo da kofinsa daga gida ko da na roba ne.

Sabon masai in za ki haƙa ki nisanta shi da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta gangare ba ta tudu ba. A ƙasar fadama irin tamu ruwa yana kusa, kar a zurfafa ramin har ya tarar da ruwa, gara a ɗaga bakinsa sama. Ƙananan kuma fo za ki saya musu guda uku ko huɗu, a riƙa juyewa nan take. Buta da sabulu a bakin rumfa, in sabulu ya gagara toka ma tana yi.

Ki ajiye ORS da zinc a jakarki. Duk yaron da ya fara gudawa a haɗa masa a fara ba shi a kira uwarsa, in kashin ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa kar a tsaya jiƙe-jiƙen gargajiya a gida, a taho asibiti ko a kan babur ne ko a amalanke, kwalara tana iya gama yaro a cikin awoyi. Sauro kuma yanzu ne lokacinsa, ki tambayi iyaye ko yaran sun sha maganin rigakafin zazzaɓin nan da ake bi gida-gida ana bayarwa duk wata da damina, na 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, yawancin naki suna ciki, kuma a watan da aka yi gudun ruwa maganin ya wuce da yawansu.

Sannan ki share ciyawa da tarkacen ginin kafin yara su zo, macizai da kunamu su ma tudu suka gudo kamar mu. Kududdufin da ya rage kusa, ko iya idon sawu ne, ɗan shekara uku zai iya nutsewa a ciki, ki kewaye rumfar da zana ko ƙaya.

Wani abu kuma da ba ya cikin fom ɗin kowa. Bayan ruwan 2022 akwai yarinyar maƙwabciyata, 'yar shekara huɗu, da ta daina fitsarin kwance tuni sai ta dawo da shi, kuma da hadari ya haɗo sai ta shige ƙarƙashin gado ta toshe kunne, uwar tana dukanta wai iskanci ne. Ba iskanci ba ne, tsoro ne, an ɗauke ta cikin dare a wuya ana ihu. Za ki ga irinsu a ajinki, wani ya daina magana, wani ya zama mafaɗaci, wani ya maƙale miki a zani. Satin farko ki bar su ABC ɗin nan, a yi waƙa a yi gaɗa a yi tatsuniya, a zo lokaci ɗaya a tashi lokaci ɗaya kullum, shi ne yake kwantar musu da hankali. Dan haka ni ina bayan ki buɗe, kar ki jira gini.

Ɗan_Warawa:

Hajiya sannu da haƙuri. Ni ma mai makaranta ne, nazare da firamare, a nan ɓangaren Kano kusa da kogi, ruwan da ya ci ku ta ƙofarmu yake wucewa, madatsun ruwa na Tiga da Challawa in suka cika suka malalo ta wajenmu yake bi, sai Wudil sai Ringim har ya isa wajenku, ga kachalla ta toshe masa hanya can ƙasa ya rasa inda zai bi sai cikin gari. Katangata ta taɓa zubewa da aji ɗaya dan haka na san zafin.

Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, ƙari kawai zan yi. Kar ki je ke kaɗai. Ba ke kaɗai ruwa ya ci ba a ƙaramar hukumarku, ki nemi sauran masu makarantu, in kina cikin NAPPS, ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu, ki kira shugaban reshenku, in ba kya ciki yanzu ne lokacin shiga. Wasiƙa ɗaya mai sunan makarantu goma sha biyu tana neman a ɗage dubawa da kuɗin sabuntawa na shekara ta fi wasiƙu goma sha biyu nauyi, mu da muka yi haka an saurare mu, ba a yafe kuɗin ba amma an bari mun biya kashi-kashi. Tsarinku na Jigawa ba lallai ya zama irin namu ba, mu nan hukuma ce guda mai kula da makarantu masu zaman kansu, amma ofis ofis ne.

In kina haɗawa da Islamiyya da yamma ki duba wannan ɓangaren ma, rajistarsa daban ce, kar ki gyara ɗaya ki manta ɗaya.

Maganar kuɗi kuma, wadda ba wanda ya taɓo. Iyayen yaranki shinkafarsu tana ƙarƙashin ruwa, ba su da abin biya wannan zangon, kuma malamanki ba za su ci sitamfi ba. Ni abin da na yi na tara iyaye a ƙofar mai unguwa na ce wanda ba shi da kuɗi ya kawo abin da yake da shi, wani azara, wani dami biyu na kara, wani ya ce zai yi kwana uku yana aikin gayya, magini ɗaya ya ce a cire kuɗin 'ya'yansa biyu na shekara ya ɗora min bulo. Malamai na zaunar da su na faɗa musu gaskiya rabin albashi zan iya har wata uku, ɗaya ta tafi ban ga laifinta ba.

In kin tashi gini kar ki mayar da na ƙasa a inda yake. In ba halin bulo gaba ɗaya, a ɗaga fandisho da bulo da siminti ya wuce shatin ruwan nan da kika gani a bango, sannan a ci gaba da tubali a sama, aji ɗaya mai kyau ya fi uku da za su sake zama baɗi. Kwanon da ya kife ki cire shi da wuri kafin a cire miki.

Takardu kuwa tun daga lokacin duk wadda ta shigo hannuna sai na ɗauke ta a waya na tura wa ƙanina a WhatsApp na tura imel ɗina, na asalin kuma suna cikin leda cikin bokitin fenti mai murfi a rataye a azara. Ki duba wayarki da ta mai gida sosai, da wuya a ce ranar da kika karɓo takardar amincewar nan ba ki ɗauke ta hoto kin tura wa wani dan murna ba.

Malama_Mai_Nazare:

Innalillahi, Ɗan Warawa Allah ya yi maka albarka!! Wlh tana nan, na tura wa yayata da ke Gumel ranar da na karɓo, yanzu ta turo min, lambar ta fito raɗau har da sa hannu. Ni ko tunanin nan ban yi ba sati uku ina kuka.

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Na rubuta wasiƙar jiya da daddare, dagaci ya sa hannu a tasa da safe, ranar Litinin zan kai in Allah ya yarda, hanya ta fara biyuwa da babur sai wuri ɗaya da ake sauka a tura. Kuma ka kama ni, wlh niyyata in share ajin bulon in zuba su duka a ciki, har na sa an kwashe taɓon. Na fasa. Na sa kwaɗo na rufe.

Na je wajen hedimastan firamare, ya ce har yanzu gida goma sha ɗaya ne a cikin azuzuwansa, su kansu ba su koma ba, benci ma an ƙona wasu an yi girki, dan haka aro babu yanzu. Amma kawun mai gida ya ba mu filin da yake ɗaure shanu a kan tudu bayan masallaci, akwai darbejiya biyu, an fara sharewa, matasa sun ce ranar Juma'a bayan an sauko za su kafa rumfar. Kujerun roba na tsinto goma sha bakwai, wasu a gonar mutane can nesa, ɗaya a saman bishiya.

Anti Nas na ji maganar ruwa, na sayi bokitin, duba-garin ne ban samu ba tukuna an ce suna can wajen sansani. Abin da kika faɗa na yarinyar nan kuwa, ɗan malamata ɗaya haka yake yi tunda muka dawo, ko buta aka zubar sai ya ƙanƙame ta, mun ɗauka mayu ne ma har an karɓo rubutu.

Saura tambaya ɗaya Baba. Ɗaya daga cikin malamaina sakandare kawai ta gama, amma ita ce yaran suka fi so, ita ce ta goya biyu ta riƙe ɗaya a daren nan har tudu. In na sake cike fom in rubuta ta a malama ko in ce mai raino ce? Ba na son in yi ƙarya, ba na kuma son a ce in sallame ta.